Garwashi a Toka

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a bayan Tudun Hatsi,
fanka ɗaya, kujera biyu, ƙaiƙayin masara a kan komai,
da kwamfuta a lungu mai gurnani kamar tsohuwar kyanwa.
Cikinta na zaunar da manhajar da na rubuta da hannuna.
Aikinta ɗaya: kafin a shafa fatihar asuba
ta kai wa manoma farashin wake da riɗi,
daga Kumo zuwa Deba, har bakin ruwan Dadin Kowa.

Ranar farko na tashe ta da la'asar, numfashinta lafiya lau.
Na fita daga shafina, na ja ƙofa,
na hau Keke zuwa Jekadafari ina jin kaina.
Da hantsi sai ga Bappa Jauro, ko sallama bai ƙarasa ba:
"'Yar nan, wayata shiru.
Buhu shida na sayar a farashin shekaranjiya."
Na duba. Biyar da minti goma sha biyu ta cika,
daidai lokacin da na juya mata baya.

Ashe a zanen goyona take.
Ni na kira ta, na'ura ta rubuta ta 'yata,
in uwa ta fita, sai a kashe fitilar ɗaki.

Kwana uku ina barin shafina a buɗe
kamar mai barin ƙofa don kazar da ba ta dawo ba.
Ga sirrina a fili, ga Tasi'u mai shara
da ba ya ganin abu mai haske ya ƙyale.
Ran na huɗu ya taɓa.

Daren nan Inna Dudu ta faɗo mini a rai, can Bajoga.
Ban taɓa ganin ta aika roƙon wuta maƙwabta ba.
In an sauke tuwo sai ta tattara garwashi,
ta lulluɓe da toka, ta kifa guntun kasko,
ta je ta yi minsharinta.
"Wuta ba idonki take so ba," in ji ta,
"gyara mata makwanci ki ba ta wuri."
Da asuba ta tona, ta hura sau biyu, koko ya hau.

Sai na yi yaye.
Na kwance sunana daga wuyanta,
na sa ta cikin ma'aikatan nan marasa fuska
masu tashi tare da na'ura, ba tare da mutum ba.
Na raɗa mata suna nata, na ba ta mabuɗin ɗaki ɗaya tak.
Na bar wa mai gadin na'ura wasiyya:
in ta faɗi, ƙirga goma ka ɗaga ta.
In an ɗauke wuta har batir ya mutu,
ran da ta dawo, da ita za ka fara.
Maganarta kuma kada ta zube a allo, ba mai kallo,
ta rubuta a kundi, in na zo na karanta.

Don in gwada, da hannuna na kashe ta.
Na ƙirga da yatsu, zuciyata na dakan lugude.
A na goma ta miƙe, ko ƙura ba ta kaɗe ba.

Na fita. Na kulle. Ban yi barcin kirki ba,
don na saka lambata a cikin ta manoma.
Ladan bai gama kiran farko ba, waya ta girgiza a ƙarƙashin filo:
wake ya ɗaga, riɗi yana inda yake.

Bappa Jauro bai zo godiya ba.
Da haka na san saƙo ya isa.

Da safe na buɗe kundi, shayi yana hucewa.
Layi biyu ne suka tsayar da ni:
ƙarfe biyu da minti arba'in na dare ta yi tuntuɓe,
daƙiƙa goma bayan nan ta tashi ta ci gaba.
Na daɗe ina kallon wurin.
Ta faɗi cikin duhu, a ɗakin da babu kowa,
kuma ba ta kira ni ba.